Shekarar da Aka Ce Nonon Hajara Guba Ne

Yayana Garba ya cuce ni. Na sa wannan a layin farko don kada wani ya karanta rabi ya ce bai gane inda na dosa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya goya ni ina ƙarami, kuma shi ya dubi tsabar idona ya yi mini ƙaryar da ta sa na saki matata Hajara tana cikin jego, da jariri ɗan wata ɗaya tsakanin rai da mutuwa. Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar ba na taka gidansa a Roni, ko suna ko biki, sai dai gaisuwar mutuwa, ita ma daga ƙofar gida. An gaya muku wai hassada ce, don ya fi ni abin hannu. Babban yayanku Lawan kuma, wanda ba uwarku ɗaya ba, an raine shi a kan cewa nonon uwarsa ne ya lalata masa ciki. Ɗan fari ne, a baki ban taɓa kiran sunansa ba, amma takarda ba ta san kunya ba, don haka a nan zan kira. Abin da aka gaya muku ƙarya ne. Ga yadda aka yi.

Karatuna aji huɗu ne. Babanmu ya rasu, aka cire ni aka mayar gona. Amma aji huɗun nan ya isa in rubuta suna, shi ya sa da kuɗin man fetur suka shigo, kamfanoni suka bazu suna shimfiɗa titi, na samu aikin rubuta sunayen lebura a wani kamfani da ke aiki wajen Babura. Ba a daɗe da canza kuɗi daga fam zuwa naira ba. Kowa ya haukace da sayen rediyo da agogo, lebura ma sai ka gan shi da baƙin gilashi yana haƙa rami. Sau ɗaya nake zuwa gida a wata. Hajara na bar ta a gidanmu na gado, hannun Yaya Garba da Gwaggo Kande, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar innarmu. Hajara 'yar Gwiwa ce, 'yar Malam Buba ladan. Ba ta da yawan magana, amma in an kai ta bango ba ta tauna abin da za ta faɗa. Uwarta ta rasu tun tana yarinya, shi ya sa da ta samu ciki ba ta tafi goyon ciki gidansu ba kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Sana'ar gidanmu taba ce. Ba ta hayaƙi ba, taba gari, wadda ake gumtsa. Yaya yana noma ta a fadama, a yanki ganye a shanya a inuwa har ya yi ja, a daka da kanwa, a tankaɗe. Ranar daka ko akuya ba ta zama a tsakar gidanmu saboda atishawa. Masu saye yawanci tsofaffi ne, maza da mata, kowa da 'yar battarsa, ya ɗiba da yatsu biyu ya cusa tsakanin leɓe da dasashi, ya wuni yana tsartar da yawu. Ba a ɗauke ta abin kunya ga mace ba. Sigari ce ta 'yan iska. Taba gari magani ce, na ciwon haƙori, na kasala, na tashin zuciya. Haka muka tashi muka ji.

Cikin Hajara ya zo da laulayi mai wuya. Ko ruwa ta sha sai ya dawo, yawu ya tsinke mata har da gwangwani take yawo. Gwaggo ta gwada tsamiya, ta gwada goro, ba su yi ba, sai ta ɗebo tabarta ta sa mata a baki. An ce ranar farko jiri ya kwashe ta ta faɗi a bakin murhu. Ta biyu ta jure. Kafin mako ta fara cin tuwo. Da na zo ƙarshen wata na tarar da ita tana tsince wake, kumatu ɗaya a kumbure, haƙora sun fara rinewa. Na yi dariya.

"Lallai, na bar amarya na dawo na tarar da Gwaggo ƙarama."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Gwaggo daga ɗaki ta ce, "Yi dariyarka, ɗan nema. Ba don tabar nan ba da ƙashi ka zo ka tarar. Ni da ita a baki na haifi bakwai."

Biyu ne suka rayu cikin bakwai ɗin. Na san haka tun lokacin, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Laifin dariyar da na yi ranar nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Yaya mutum ne mai ido a kan kasuwa. Da ya ga abin ya yi wa Hajara aiki, sai ya ware wani daka daban, ya ƙara kanumfari don ƙamshi, ya sa mata suna tabar mai ciki. Ranar kasuwar Roni da ta Gwiwa yakan baza ta a farantinta daban. Maza na saya wa matansu, surukai na saya wa matan 'ya'yansu. Wanda ya yi tantama sai ya ce masa, ka je gidanmu ka ga matar ƙanena, da ko kai ba ta iya ɗagawa, yanzu ita ke yi mana daka. A daminar nan ya sayi babur. Hajara kuwa laulayi ya wuce tun wata huɗu, amma taba ba ta wuce ba. Batta ɗaya ba ta yi mata kwana biyu. In ba ta sa ba, kanta ya yi ta sara.

A wurin aiki na ji wani direba yana cewa matarsa tana zuwa awo asibiti, ana duba kwanciyar yaro, kuma kyauta. Na ce ni ma ai ɗan boko ne ko da na rabi. Na roƙi Yaya ya kai Hajara awo Kazaure. Ya kai ta sau biyu a motar kasuwa. Da na tambaye shi ya aka yi, ya ce an ce lafiya lau. Ita ban tambaye ta ba. Cikin fari ne, in na taɓo zancensa sai ta tashi ta bar ɗakin.

An haifi Lawan da kaka, ɗan mitsitsi, kamar ba na wata tara ba. Aka yi suna na koma aiki. Kwana ashirin da 'yan kai aka aiko in zo. Abin da na tarar ban taɓa ganin irinsa ba. Yaro zai kama nono ya sha kamar wanda ya kwana uku bai ci ba, a ɗan jima sai amai ya taso, ba irin tumbuɗin jarirai ba, feshi, har ya tsallake cinyar uwar ya sauka a ƙasa. Yana gamawa ya sake neman nono yana kuka. Kashi sai ya kwana uku bai yi ba. Maɗigarsa ta faɗa, fata ta tattare kamar ta tsoho. In ya sha, kana ganin wani abu yana tafiya a ƙarƙashin fatar cikinsa daga hagu zuwa dama, kamar ɓera a cikin buhu.

Gwaggo ta ce sai an gwada nono. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Ana tatsar nonon mai jego a ludayi, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu, nono ya ɓaci, shi ke cin yaro. Da hantsi aka yi, a tsakar gida, aka kira ni da Yaya mu zama shaida, ga matan maƙwabta sun cika bakin ƙofa. Tururuwar ta yi ta juyi, ta kama gefen ludayi ta zame, ta sake kamawa ta zame, sannan ta miƙe ƙafafu. Wata mata ta yi salati. Gwaggo ta kife ludayin ta ce daga yau kada a ƙara sa wa yaron nan wannan nono, a nemo akuya mai shayarwa. Bayan shekaru na gwada da nonon saniyar da muke sha kullum. Tururuwa biyar na jefa, uku suka mutu. Tururuwa ba kifi ba ce.

Hajara ta yi biyayya kwana biyu. Nono ya cika ya yi mata tauri, yaro na tsala kuka a ɗakin Gwaggo, ita tana jin sa ta bango. Rana ta uku Gwaggo ta fita barka, ta dawo ta same ta da yaron a ƙirji. Muna zaure da Yaya muka ji hayaniya muka shigo. Gwaggo ce ke magana.

"Kashe shi za ki yi? Kin ga abin da nononki ya yi wa tururuwa, shi ne kike ɗura masa a ɓoye?"

"Gwaggo, na akuyar ma amayar da shi yake. Ita ma akuyar a gwada ta mana."

"Ni kike mayar wa magana?"

"Ba nonona ba ne. Tabarku ce. An faɗa a asibiti, a gaban Yaya aka faɗa. Ga shi nan, a tambaye shi."

Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidan nan ba sai ranar. Gwaggo ta dafe ƙirji ta fashe da kuka, wai ita da ta yi jinyarta wata tara yau ita ake cewa ta kashe jika. Na juya na dubi Yaya. Yana jingine da rumbu, hannu a aljihu.

"Yaya, me aka ce a asibiti?"

"An ce lafiya lau. Na gaya maka tun lokacin."

"Ba a yi maganar taba ba?"

"Wace taba? Hamisu, mace in ta ga asirinta ya tonu babu abin da ba za ta faɗa ba. Ni dai ban ji ba."

Hajara ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ka ji ko? Yanzu ni ne ma ba na tsoron Allah."

To. Ga yayana da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ga Gwaggo da ta share mini majina tana birgima a ƙasa, ga mata a kan katanga suna leƙe. Na shiga ɗaki na yago takarda daga littafin sunayen lebura na rubuta saki ɗaya. Babban amfanin da aji huɗu ya yi mini a duniya ke nan, ban nemi kowa ya rubuta mini ba balle ya ce in dakata in huce. Kafin la'asar Hajara ta kama hanyar Gwiwa, ko arba'in ba ta yi ba, gaban rigarta a jiƙe. Gwaggo ta riƙe yaron.

Kwana shida muna ba shi nonon akuya da jiƙe-jiƙe, babu abin da ya zauna. Ya daina kuka ma, sai buɗe baki kawai. Na ce wa Gwaggo ta goya shi mu tafi Kazaure. Yaya ya ce wahalar banza ce, a bar yaro ya cika a ɗakin ubansa. A lokacin na ɗauka tausayi ne.

Mai karɓar haihuwa a asibitin wata Kirista ce 'yar kudancin Zariya, ana ce mata Sista Rifkatu, gajera, mai faɗa, Hausarta ta fi tawa. Ta kwance goyon, ta ba shi ruwa a cokali, ta tsaya tana kallon cikin. Ta tambayi garinmu da sunan uwar. Da na faɗa sai ta ɗago.

"Hajara ta Roni? Mai taba a kumatu? Ina take?"

Gwaggo ta ce tana gidansu, nononta ne ba kyau, an gwada da tururuwa.

Sista ta ajiye cokalin. "Haba Mama, da girmanki. Kai kuma Malam, kai ne wa?"

Na ce ni ne uban.

"To wane ne dogon nan da ya kawo ta awo? Sau biyu ina kiransa har cikin ɗakin nan. Na ce masa abin da uwa ta tsotsa yaro na sha a ciki, a raba ta da tabar nan. Zuwa na biyu har ƙwace battar na yi na jefa a kwandon shara, ya sunkuya ya ɗauka ya sa aljihu, ya ce mini sana'arsa ce."

Na ce, "Sista, tabar ce ta yi masa wannan?"

"Ba zan rantse maka ba. Akwai yaran da ke zuwa da wannan ciwo uwarsu ba ta taɓa ganin taba ba. Amma 'ya'yan masu gumtsa na san su tun kafin in ɗora a sikeli, ƙanana, ciki ba ya riƙe abinci, ga kuka. Abin da zan rantse maka a kai shi ne nono bai yi komai ba. Ƙofar da abinci ke fita daga tumbinsa ce ta toshe, ko zuma ka zuba sai ta dawo. Kun raba shi da abu ɗaya mai kyau da yake da shi."

Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa.

A ranar aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba mu takarda da mota zuwa Kano. Da ya ɗan farfaɗo wani likita Ba'indiye ya yi masa aiki. Lawan, tabon da ke gefen cikinka na dama ke nan. Amai ya tsaya. Likita ya ce a kawo uwar ta ba shi nono. Na aika Gwiwa, aka ce tana kwance da zazzaɓi, nono ɗaya ya yi ƙurji an fasa, ɗayan ya ƙafe. Madarar gwangwani ya sha.

Da muka dawo na tafi Gwiwa biko. Na durƙusa gaban Malam Buba a zaurensa na faɗi komai, ban rage ba. Ya bari na gama.

"Malam Hamisu, shari'a ta ba ka. Saki ɗaya ne, idda ba ta cika ba, in ka ce ka mayar ba ni da ta cewa. Amma ka san abin da ake faɗa a bakin rijiyar garin nan? Ana cewa nonon 'yata na kashe tururuwa. Masu jego ba sa yarda ta ɗauki 'ya'yansu. Kuma an ƙaryata ta a gaban mutane. Kai fushi ka yi, fushi kuwa kowa na yi. Yayanka da ya san gaskiya ya take ta, shi nake so ya zo ya faɗa a gaban liman da mutum biyu cewa an gaya masa. Shi ke nan. Ko goro ba na so."

Aka bar ni na gan ta a soro na ciki. Ta rame. Ta ce tun ranar da ta bar Roni ba ta ƙara sa taba a baki ba, mako biyu tana jin kamar za ta haukace. Ta ce a motar dawowa daga awo Yaya ya ja mata kunne kada ta kuskura ta kai maganar asibiti gida, ta ɓata masa kasuwa ta kunyata Gwaggo. Ta gwada bari da kanta ta kasa. Na ce ta yi haƙuri ta biyo ni, in kama mana ɗaki a Kazaure, ba sai ta ƙara ganin kowa ba.

"Malam, in na bi ka a haka, na bi ka a maƙaryaciya mai mugun nono da aka yi wa alfarma. Duk ɗan da na haifa ya yi atishawa za a ce ga shi nan. Yaya ya zo ya faɗa. Kalma nawa ce?"

Ta tambayi me yaron ke sha, wa ke goya shi. Ina iya cewa na mayar da ke in tashi in tafi, amma na riga na yi mata iko ɗaya da takarda, ban ga fuskar yin na biyu ba.

Na sami Yaya a fadama yana dashen taba. Ban yi masa faɗa ba. Na ce Sista ta gaya mini komai, abin da ya wuce ya wuce, ya zo mu je Gwiwa ya faɗi kalma biyu. Ko musu bai yi ba.

"To an faɗa. Ita Sistar ta ce tabbas tabar ce?"

"Ta ce ba za ta rantse ba."

"Ka ji. Ita da ta yi karatun ba ta rantse ba, ni za ka kai gaban liman? Ranar da na faɗi haka a Gwiwa, kafin kasuwa ta ci labari ya kai Kazaure. Wa zai ƙara saye a hannuna? Gidan nan da me ake ci? Kai kana can kana rubuta sunaye."

"Ba cewa za ka yi tabar ce ba. Cewa za ka yi an gaya maka, Hajara ba ta yi ƙarya ba."

"Duk ɗaya ne. Bari in gama dashe mu gani."

Ya gama dashe ya ce bari a yi ban ruwa. Aka yi, ya ce babur ba lafiya. Na ce mu hau keke, ya ce ƙafarsa. Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ita da ta yi bisa rashin sani, ta jefa battarta a murhu, ta sa aka kai ta Gwiwa a kan jaki ta roƙi gafarar Hajara. Malam Buba ya karɓe ta da mutunci ya ce ba ita ake jira ba. Zuwana na ƙarshe wurin Yaya, yana ɗaure ƙunshin tabar mai ciki zai tafi kasuwa, ya ce, "Hamisu, wai mata sun ƙare ne a duniya?"

Idda ta cika. Bayan 'yan watanni ta auri wani mai fataucin shanu daga tsallaken iyaka, wanda bai san zancen tururuwa ba, ko ya sani bai damu ba. 'Ya'ya shida ta haifa masa, duk da nonon nan ta shayar da su. Na ga biyu a kasuwar Babura, ƙarti, kowanne ya yi biyun Lawan. Shi kuwa aikin ya tsayar da amai, amma cikinsa bai taɓa zama daidai ba. Kun san shi, wake ba ya ci, yaji ba ya ci, azumi da ƙyar. Ban san nawa ne na taba ba, nawa ne na nonon akuya da jiƙon da muka ɗura masa. Ban yi karatun da zan raba ba. Na dai san babu ko ɗaya da ya fito daga ƙirjin uwarsa.

Na bar Roni na dawo Kazaure da Gwaggo da yaron, na samu aikin masinja, daga baya na auri innarku. Yaya ya ci gaba da tabarsa, ya ƙara da 'yar kwangila. Shekara uku bayan haka ya biya kujerar Makka. Kun san al'ada, mai tafiya aikin hajji yana bi gida-gida yana sallama da neman yafiya, don ba a san mai dawowa ba. Wata Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan da nake haya, da sabuwar babbar riga, da abokansa biyu, da limamin unguwarmu da ya ɗauko don ya yi mini nauyi. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa. Liman ya yi doguwar nasiha a kan zumunci. Sannan Yaya ya gyara murya.

"Hamisu, jibi za mu tashi. Zaman tare, ba a rasa saɓani. In akwai abin da na yi maka, da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini."

"Wanne daga ciki, Yaya?"

"Duka dai."

"A'a, kira sunansa. Ga liman, ga mutum biyu."

Ya dubi liman, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Abin da ya wuce ai ba a tone-tone."

Liman ya ce, "Malam Hamisu, a yi haƙuri, baƙon Allah ne."

Na ce, "Allah gafarta malam, na sani." Sannan na juya wurin Yaya.

"Yaya, ka sami ƙafar zuwa Makka, ƙasa da teku. Gwiwa kuwa da kake zuwa duk ranar kasuwa, ka kasa tsayawa a ƙofar mutum ɗaya ka ce yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Aure ya riga ya tafi, ba shi nake nema ba. Malam Buba yana nan da ransa, zaurensa bai tashi ba, kafin jibi kuma akwai gobe. Ka je ka faɗa. In ka faɗa, kafin ka juyo na yafe. In ba ka faɗa ba, ka je ka yi ɗawafinka, ka sha zamzam, ka dawo a kira ka Alhaji, ni ma zan kira. Amma ban yafe ba, kuma kada ka ce wa kowa na yafe. Allah ya kiyaye hanya."